Hanyar da Amitabh ya bi a 'Uunchai' ba ta raggo ba ce

Duk wanda ya kalli fim ɗin 'Uunchai' na 2022 ya ga yadda Amitabh Bachchan, Anupam Kher da Boman Irani, dattawa da furfurarsu, suka saɓa jaka suka nufi gindin tsaunin Everest don cika burin amininsu da ya rasu. To, hanyar nan tana ƙasar Nepal, kuma samari da 'yan mata daga ko'ina a duniya suna bin ta da ƙafa.

Yawanci ƙaramin jirgi ne ke sauke matafiya a Lukla. Daga nan sai sayyada! Ana tsallaka gadoji masu lilo a saman kogin Dudh Kosi, a yada zango a Namche, garin 'yan ƙabilar Sherpa, mai bisan mita 3,440. Sansanin da ake nufa yana mita 5,364, zuwa da dawowa kan ci kwana 12.

Babban haɗarin shi ne iska. A can sama, iskar numfashi kusan rabin ta bakin teku ce. Mai gaggawa sai ciwon kai da amai, wani ma ruwa ya taru masa a huhu, har ta kai ga rasa rai. Shi ya sa ake hutun kwana guda a Namche, wanda jikinsa ya ƙi kuma a sauko da shi nan take.

Masu sauran ƙarfi kan gangara kudu zuwa kurmin Chitwan, wanda aka killace a 1973. Nan karkanda mai ƙaho ɗaya da damisar Bengal suke, ga matsattsaku da damina. Ba mai shiga da ƙafa sai da ɗan jagora.