Yunwar da ke biyo bayan kwalba

Ku matso kusa, 'yan uwa, maganar nan ba ta tsakar gida ba ce. Kusan kowaccenmu ta san wani, miji ne ko yaya ko kawu, da likita ya ce zuciyarsa ta kumbura ko jininsa ya hau, amma har yau yana kurɓa a ɓoye. Batun haramci malamai sun gama shi. Ni abin da ke damuna shi ne ɓarnar da giyar ke yi ta hanyar ciki.

Akwai sinadarai biyu a jiki masu riƙe da linzamin ci. Leftin, wanda aka gano a Amurka a 1994, daga kitse yake fitowa, yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a sassauta. Girelin kuma ciki ne ke fitar da shi in ya zama wayam, a Japan aka gano shi a 1999. To, girelin ɗin nan ba abinci kaɗai yake sa a nema ba. Likitoci a Amurka sun ɗura shi a jijiyar mashaya, sai ƙishirwar giyar ta ƙaru musu. Kun ga wanda ya wuni bai sa komai a bakinsa ba, da yamma ƙafarsa ta riga ta san hanya.

Yana sha kuwa, hanta ta bar sauran aiki ta koma kan barasar. Ƙona kitse ya ragu, sukarin jini yana iya faɗuwa, ga shi kowane giram na barasa kalori 7 ne, sukari kuwa 4 ne. Sai yunwa ta taso. Kuma me ke kusa a lokacin? Tsire da yaji, farfesun kayan ciki da ya sha gishiri da magi. Wallahi nan ne abin ke ba ni tausayi. Kin wuni kina auna masa gishiri da bakin cokali, dare ɗaya ya rushe. Da safe takalmi ya ƙi shiga, ki danna ƙaurinsa da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba.

Kada wani ya ruɗe ku da cewa jar giya kaɗan tana gyara zuciya. Tarayyar Ƙungiyoyin Zuciya ta Duniya ta ce a 2022 babu adadin da ke amfanar zuciya. Giya tana sa hawan jini, tana rikita bugu, mai shan maganin tsinka jini na wafarin kuma tana ƙara masa haɗarin zubar jini.

Sai dai ki kula, Yaya, wanda ya daɗe yana sha kullum ba a raba shi da ita dare ɗaya. Jiki kan ɗauki rawa, wani har farfaɗiya. Ranar asibiti ki raka shi, ki lallaɓa shi ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha. In nauyinki yake ji, ki fita ki bar su su biyu. Kuma kada ya bar gida da yamma sai ya ci abinci.