Hoton Da Ban Nuna Wa Kowa Ba

Na san in an ce hoto, abin da ke zuwa ranku shi ne a ci kwalliya ranar sallah ko ranar kamu, a karkata kai a yi murmushi. To akwai wani hoton da ake karantawa a jami'a, shi ne ma ya kai 'yan ajinmu Legas na mako guda tare da malamai biyu, mace da namiji.

Baba bai hana ba, sharaɗinsa kawai in je Agege in gaida Gwaggo. Rigimar daga wajen wanda aka sa mana rana ta fito. Cewa ya yi, "Yanzu ke ce za ki riƙa yawo a titin Ikko da kyamara a wuya? Me danginmu za su ce?" Kwana uku bai zo zance ba. Na yi kukana na share hawaye, na haɗa jakata, tunda dai Baba ya sa albarka.

Legas kam sai wanda ya gani. Muna kan gadar Third Mainland, wadda ta kusa kilomita 12, aka buɗe ta a 1990, muka hango gidajen Makoko a kan ruwa. Kowa ya zaro kyamara, Malam ya ce a mayar. Wai talaucin mutane ba abin kallo ta tagar mota ba ne, in kana son hoton mutum ka sauka ka gaishe shi, ka faɗi sunanka. A kasuwar Balogun kuwa muka koyi cewa hasken hantsi da na la'asar su ne masu kyau, rana tsaka inuwa take zuba wa mutum a ƙarƙashin ido.

Amma abin da ya tsaya min a rai a Yaba na gan shi, a cibiyar fasaha da marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007. Littafin hotunan J.D. Okhai Ojeikere aka buɗe mana, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014. Tun 1968 bawan Allahn nan ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya, har ya tara kusan dubu, baƙi da fari, yawanci ta ƙeya, ba a ganin fuska. Akwai wani mai tsini sama da ake kira Onile Gogoro, wato dogon bene. Wallahi sai na tuna kan Inna, doka da zane da take mana muna kuka. Mu wa ya ɗauki namu?

Ranar Juma'a na je Agege, inda Hausawa suka daɗe da zama. Na tarar da maƙwabciyar Gwaggo, wata dattijuwa Bakatsiniya, tana yi wa wata matar aure doka irin ta da, wadda rabon da in gan ta tun ina firamare. Na durƙusa na gaishe su, na roƙa. Matar ta yi dariya ta ce, "Ɗauki mana ƙanwata, amma ki yi min alƙawari namiji ba zai gani ba." Na ce na yi.

Allah sarki, hoton ya fito fiye da duk wanda na ɗauka a tafiyar. Haske ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan tsagar, ga yatsun tsohuwa sun sha lalle. Matsalar ita ce Malam ne mai ba da maki, kuma a bango za a kafa ayyukanmu kowa ya wuce ya gani. Ƙawata ta ce ai babu fuska, wa zai sani? Na ce ni na sani. Sai na miƙa wani na hannun tsohuwar riƙe da tsinken kitso, makin da na samu tsaka-tsaki ne.

Mutumin nawa kuwa ya dawo zance da kansa, yana wani cin magani, ya ce in nuna masa abin da ya kai ni Legas. Na nuna masa duka ban da guda. Ya ce, "Har ni?" Na ce, "Ai kai ma namiji ne." Ya yi shiru can, sannan ya ce in aika wa matar kwafinta ta hannun Gwaggo, shi zai biya kuɗin wankin.