Mayo: Damina, Laka da Amanar Wayoyin Jama'a

Idan muka bar tsakiyar Hartum muka nausa kudu, sai mu iske Mayo shimfiɗe a fili, unguwar da ta samo sunanta daga juyin mulkin Ja'afar Numairi na watan Mayun 1969. A nan muke da dangi masu yawa, jikokin alhazan da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, hanyar Makka ta zaunar da su a Sudan.

Mayo ba a bakin kogi take ba, amma ta san ruwa. Ƙasarta laka ce mai riƙe ruwa, ga ƙarancin magudanai, ga gine-ginen ƙasa. Damina takan sauka ne daga Yuli zuwa Satumba. A watan Agustan 1988 an tafka ruwan da ya kai milimita 200 a Hartum cikin kwana guda, fiye da abin da birnin yakan samu a shekara, gidaje dubbai suka rushe. Ambaliya ta sake aukuwa a 2013 da 2020.

A cikin 'yan kasuwa, mai gyaran waya ya fi kowa abin tsoro, domin kayan da ke shagonsa na mutane ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, takardar kuɗi ta yi wuya, waya ta zama aljihun iyali: da manhajar Bankak ake karɓar aiken 'yan uwa daga Saudiyya, da ita ake cefane. Wayar da ta jiƙe na iya hana gida ɗora tukunya.

Saboda haka shirin mai shago yakan fara tun rani. A ɗaga dokin ƙofa, a jera buhunan yashi, a haɗa kai da maƙwabta a yashe kwata. Batura da gilasan waya da littafin ajiya su hau kanta ta sama cikin roba mai murfi, a kuma ɗauke wayoyin lantarki daga ƙasa. In hadari ya haɗu da yamma, kada wayar kowa ta kwana a shago.

Mu ma a gida akwai namu. Waya in ta faɗa ruwa, a kashe ta nan take, kada a sa ta caji, kada a dogara da binne ta cikin shinkafa. A hanzarta kai wa mai gyara ya buɗe ya tsabtace ta kafin tsatsa ta ci cikinta. In gyara ya kusa kuɗin wata, sai a sake, amma a cire layi da katin ajiya, lambobin dangi kuwa a rubuta su a takarda.

Wannan darasi na Mayo ya shafe mu a Maraɗi da Kano, inda damina ɗaya muke jira. Allah Ya ba Sudan zaman lafiya, Ya sa ruwan bana ya zo da albarka.