Damagaram, Maijirgi da fim ɗin da bai iso mu ba

Daga Ɓaɓura zuwa Damagaram ba wata tafiya ba ce. Ka bi ta Babban Mutum, ka ƙetare iyaka, ka wuce Magarya, sai ga ka cikin Birni. Hausa ɗaya ce, tuwo ɗaya, sai dai naira ta koma sefa, acaɓa ya koma kabu-kabu, makarantar boko ta koma lakwal. Zumunci ne ya kai ni, amma mai masaukina tsohon malamin lakwal ne mai son silima, shi ya sa kusan kowace hira ta dare a kan fim take ƙarewa, musamman finafinan Faransa da na ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka.

Da na tambaye shi inda 'yan boko suke kallon irin waɗannan finafinai a da, sai ya ambaci cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta garin, ya yi shiru. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 masu zanga-zanga suka cinna mata wuta, har da ɗakin karatunta. Kwana tara kafin nan 'yan bindiga sun kashe mutum 12 a harin da suka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Paris. Shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya je Paris ya shiga jerin gwanon juyayi, jaridar kuma ta sake fitowa da zanen da ta ce na Manzon Allah (SAW) ne. Wuta ta tashi a Damagaram, washegari ta kai Yamai. Aka ƙona majami'u da yawa, mutum 10 suka rasa rayukansu. Wannan zane ya sosa ni kamar yadda ya sosa kowane Musulmi. Amma waɗanda suka mutu 'yan Nijar ne, majami'un na maƙwabta ne, littattafan da suka zama toka kuwa 'ya'yan garin ne suke karanta su.

Samarin da na zauna da su a wata fadar shayi ba su musa wannan ba, sai dai suna da tasu hujjar. Sun ce Faransar da take cewa kowa ya faɗi abin da ya ga dama ita ce ta kama ɗan barkwanci Dieudonné a makon da aka yi zanga-zangar saboda rubutu ɗaya a Facebook, daga baya kotu ta same shi da laifin yabon ta'addanci. Mai masaukina ya ƙara musu da misalin Timbuktu, fim ɗin Abderrahmane Sissako ɗan Muritaniya, wanda aka yi da kuɗin Faransa. Labarin mamayar da masu iƙirarin jihadi suka yi wa arewacin Mali ne a 2012: mai sayar da kifi da ta ƙi sa safar hannu, limamin da ya tsawata wa masu shiga masallaci da takalmi da bindiga, yara suna wasan ƙwallo babu ƙwallon don an haramta ta. Duk da haka, a Janairun 2015 magajin garin Villiers-sur-Marne kusa da Paris ya sa aka janye shi daga silimar garin, sai da aka yi masa ca ya sauko. Wata guda bayan haka fim ɗin ya kwashe kyautar César bakwai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a kan hanyar Tasawa na gan shi. A Maijirgi akwai kaburbura biyu na Nasara, Voulet da Chanoine, hafsoshin da Faransa ta turo su nufi Tafkin Cadi. A 1899 suka ratsa ƙasar Hausa suna ƙona garuruwa. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi, a Koran Kalgo suka rataye yara mata a bishiya. Da labari ya kai Paris aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku nasu sojojin suka kashe su su biyun. Ragowar rundunar ba ta juya ba. Ta ci gaba, ta karya mayaƙan Sarki Ahmadu Kuren Daga a Tirmini, ta shiga Damagaram a ƙarshen watan.

Wani dattijo da ke zaune kusa da wurin ya tambaye ni daga ina. Na ce, "Daga ƙasar Kazaure, Baba." Ya ce, "To ɗana, ku can ana ba ku labarin waɗannan?" Ba a ba mu. A makaranta an koya mana Lugga da faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, amma abin da ya sami Hausawan da ke bayan iyaka, waɗanda muke aurar juna da su muna cin kasuwa ɗaya, babu shi a darasi.

Akwai fim a kan wannan labari. Abdoulaye Mamani, marubucin Nijar, ya fitar da littafin Sarraounia a 1980, Med Hondo, wani ɗan Muritaniya mazaunin Paris, ya mai da shi fim a 1986. A Nijar aka shirya ɗauka, gwamnatin Seyni Kountché ta janye hannu, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa. Aï Keïta 'yar Burkina ce ta fito a Sarauniya. A 1987 ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, amma a Paris gidajen silima kaɗan ne suka haska shi, kuma ba a jima ba aka sauke. A kwamfutar mai masaukina na kalle shi, yana fassara mini. Wurin da Voulet ya tsaya gaban sojojinsa yana shelar cewa ya yar da Faransa, shi yanzu sarkin baƙaƙe ne, ya sa tsigar jikina ta tashi, don na riga na tsaya a kan kabarinsa.

Gaskiya ce a faɗa, daga baya wani Bafaranshe, Serge Moati, ya yi wa talabijin fim a kan wannan runduna. Amma dubi tazarar. Harin 13 ga Nuwamba 2015 da ya kashe mutum 130 a Paris, kafin shekara bakwai an yi masa babban fim, Novembre, mutane fiye da miliyan biyu suka biya suka kalla. Ba na ganin laifinsu, kowa da nasa makoki. Shi kuwa René Vautier, da ya ɗauki ɓarnar mulkin mallaka a fim ɗinsa Afrique 50, ɗauri ya sha, fim ɗin ya shekara kusan arba'in a haramce.

Yau sojojin Faransa sun bar Nijar tun Disambar 2023, kuma hukumomin Yamai sun sa wa wata lambar girma sunan Sarauniya Mangu. Samarin fadar sun san sunanta, amma kaɗan ne cikinsu suka ga fim ɗin, balle mu a Roni da Gwiwa. A Kano muna da masu juya finafinan Indiya zuwa Hausa cikin 'yan kwanaki, har yaran Kazaure su haddace maganganun jarumai. Zan so ɗaya daga cikinsu ya nemi izinin masu haƙƙin Sarraounia ya sa masa muryar Hausa, a haska shi a gidajen kallon da muke cikawa ranar ƙwallo. Med Hondo ya rasu a 2019, kuma da irin wannan sana'a ya riƙa ɗaukar nauyin finafinansa: shi ne muryar Eddie Murphy a Faransanci.