Faci da Amana

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, akwai wani al'amari da ya daɗe yana ba ni sha'awa, watau yadda dubban mutane, waɗanda galibinsu ba su taɓa ganin juna ba, suke gina abu guda kuma bai rushe ba. Ina nufin ƙwayar Linux, manhajar nan da ke can ciki tana sasanta tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Duk mai wayar Android yana ɗauke da ita a aljihu. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, yana ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland.

Kowa yana iya karanta rubutun wannan manhaja, kowa kuma yana iya kawo gyara, wanda ake kira faci. To, amma ba a kai faci wurin Torvalds kai tsaye. An kasa ƙwayar sassa-sassa, kamar na sauti da na sadarwa, kowane sashe da mai kula da shi. Mai kula zai karanta facin, ya yi tambayoyi, sau da yawa ma ya mayar a sake. In ya gamsu sai ya karɓa, ya miƙa wa na sama da shi. Daga nan a haɗa shi da na sauran sassa a wurin gwaji mai suna linux-next, wanda aka soma a 2008, don a ga ko za su zauna lafiya. Sa'an nan Torvalds ya buɗe ƙofa ta mako 2 ya karɓi abin da manyan masu kula suka tara, a yi kamar mako 7 ana gyaran kurakurai, kana a fitar da sabuwar ƙwaya.

Faci fiye da 10,000 ke shiga a kowane zagaye. Ashe ke nan Torvalds ba zai iya karanta su duka ba; mutanen da suka karanta ya amince wa. Tun 2004 aka wajabta wa mai faci ya sa sunansa a ƙasa, shaidar yana da ikon ba da shi, duk wanda facin ya bi ta hannunsa shi ma ya ƙara nasa. In ɓarna ta ɓullo, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

An gwada wannan amana. Waɗansu masu bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka sun aika da faci mai ɓoyayyen lahani da gangan, wai su ga ko za a gane, ba tare da sun nemi izinin kowa ba. A watan Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula, ya hana karɓar faci daga jami'ar baki ɗaya, aka koma ana bin gyare-gyarenta na baya ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu an same su lafiya, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Waɗansu sun ce hukuncin ya yi tsauri, tun da ya shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ni dai ina ganin ya dace. Mai kula ba shi da abin da ya fi lokacinsa tsada, kuma da zarar ya fara zargin kowane mai aiko da faci, aikin ya tsaya.

Mu da ake ba aikin rukuni, sau nawa mutum 2 suke yi, mutum 10 su rubuta suna? Gobe waɗansunmu za su zama masu duba aikin wasu. Kada mu sa sunanmu a kan abin da ba mu karanta ba.