Sauti na Fita, Hoto Babu

A sashenmu na koyon aikin jarida, darussa biyu ne kowa ke rububin shiga: na ɗaukar hoto da na tacewa. A na farko ana nuna mana yadda ake saita haske da riƙe kyamara, a na biyu kuma yadda ake yanka hotuna a jera su har su zama labari. Amma tsakanin waɗannan biyu akwai wani ɗan aiki da babu shi a jadawalin karatu, wato kwashe abin da aka ɗauka daga katin kyamara zuwa kwamfuta ta yadda manhajar tacewa za ta karɓe shi. Mutane suna ɗaukar sa tamkar tura waƙa daga waya zuwa waya. A ganinmu kuwa, ayyukan ɗalibai da ke lalacewa a wannan gaɓa sun fi waɗanda ke lalacewa a wurin ɗauka yawa, kuma galibi akan ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba.

Mu shida aka haɗa a zangon da ya wuce, aka ce mu kawo fim na gaskiya mai tsawon minti goma a kan wata sana'ar gargajiya. Muka zaɓi rini. Sai da muka yi sawu uku kafin wani dattijo a marina ya yarda ya zauna da mu, shi ma da sharaɗin sau ɗaya tak. Ya yi kusan minti arba'in yana bayanin yadda ake haɗa baba da toka, da yadda mai rini ke gane cewa ruwan karofi ya nuna. Kyamarar ta haya ce, kuɗinta karo-karo muka yi, katin da ke cikinta ma na mai kyamarar ne. Ya gaya mana tun da safe cewa bayan isha'i yake son kayansa, domin gobe yana da biki, kuma da zarar ya karɓa zai goge katin.

Da muka dawo ɗaki muka kwafe katin a wuri biyu, muka jefa fayil ɗin hirar a manhajar tacewa. Muryar Baba ta fito tar, amma allon baƙi ƙirin. Nan fa kowa ya zama gwani. Wani ya ce bairos ne, wata ta ce a sauke manhajar a sake ɗora ta, wanda ya riƙe kyamara kuma ya yi tsit don ya ga ido ya fara komawa kansa. Mai kyamara ya kira sau biyu. A na biyun muka ce, "Oga, don Allah a ƙara mana awa ɗaya." Ya ce rabin awa.

Abin da ya kwantar mana da hankali ba wata babbar dabara ba ce. Mun mayar da katin cikin kyamara muka kunna hirar, sai ga Baba da hularsa da hannayensa shuɗi. Wannan ya nuna hoton yana nan lafiya. Muka gwada girman fayil ɗin da ke kati da na kwafinmu, suka zo daidai. Ke nan ba kati ba ne, ba kwafi ba ne, saura kwamfuta da manhaja. Da wannan muka mayar wa mutum kayansa, muka zauna da matsalarmu.

A nan ne ya kamata mai karatu ya san wani abu da mu ma sai a daren muka fahimce shi sosai. Haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su MP4 ko MOV ko MXF, sunan mazubi ne kawai. Kamar kwanon samira ne: ganin kwano ba ya gaya maka tuwo ne a ciki ko dambu. Abin da ke ciki shi ne kodek, wato tsarin da kyamara ta bi ta matse hoton don kada ya cinye kati. Fayil biyu na iya zama MP4 dukansu, ɗaya ya buɗe a kowace tsohuwar laftof, ɗaya ya ƙi. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna MediaInfo da ke buɗe murfin kwanon ta faɗa maka abin da ke ciki. Ita ta gaya mana cewa namu H.265 ne, mai zurfin launi bit 10, a tsarin 4:2:2. Mai kyamara ya saita ta a matakinta mafi inganci, kamar yadda yake yi wa amare.

Kodek ɗin da yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori suka saba da shi shi ne H.264, wanda ya fito a 2003. Ƙanensa H.265 ya zo a 2013, ya fi shi iya matsewa, amma ya fi shi wahalar warwarewa. Dukansu biyu suna da wata dabara ta tsimi. Ba kowane firam suke ajiyewa cikakke ba. Sukan ajiye guda ɗaya cikakke, waɗanda ke biye kuma a rubuta abin da ya canza kawai. Duk wanda ya taɓa aron littafin ɗalibin da ke rubuta "kamar na sama, sai dai kaza" ya san wahalar wannan: kafin ka gane shafi na goma sai ka koma na ɗaya. Haka kwamfuta ke yi duk lokacin da edita ya tsaya a tsakiyar hira yana neman inda zai yanka. Shi ya sa hoton ke sarƙewa yana tafiya da ƙyar ko da ya buɗe. Idan kuma aka ƙara bit 10 da 4:2:2 a kai, laftof irin tamu ta ɗalibai, wadda yayanka ya gama da ita ya ba ka, ba ta da kayan cikin da za su warware shi.

Su ma manhajojin tacewa ba komai suke karɓa ba. DaVinci Resolve, wadda ɗalibai da yawa ke so saboda tana da samfurin kyauta, a Windows ba ta buɗe wasu fayiloli masu bit 10 na manyan kyamarori sai a samfurin kuɗi mai suna Studio, wanda farashinsa ya kusa dala 300. Premiere Pro biya ake yi wata-wata, Final Cut Pro kuma sai a na'urorin Apple. Wannan ba lalacewa ba ce, iyakar kowace ke nan, kuma sake ɗora manhaja sau goma ba zai ƙara mata abin da ba a sa mata ba. Asarar data kawai za a yi.

Mafitar ita ce a sauya wa hoton kodek zuwa wanda aka ƙera domin tacewa. Biyu ne suka fi shahara: ProRes na kamfanin Apple da ya fito a 2007, da DNxHD da DNxHR na kamfanin Avid. Waɗannan kowane firam cikakke suke ajiye shi, don haka kwamfuta ba ta komawa baya. Fayil ɗin yakan kumbura sosai, amma yana tafiya sumul. Mun yi amfani da Shutter Encoder, ita ma ta kyauta ce, muka fitar da ƙananan kwafi masu sauƙi da masu sana'ar ke kira firoksi. Da su ake yin yanka da jerawa, sai a ƙarshe a haɗa aikin da hoto mai cikakken inganci. Laftof ɗin ta kwana tana huci, mu kuma muka kwana muna karɓa-karɓar gadin ta saboda wuta. Da asuba Baba ya bayyana a allo.

Tun daga ranar wasu rukunonin ajin suka riƙa kawo mana nasu. Abin da muka fi gani, kuma ya fi ba mu tausayi, shi ne na masu tsince a kati. Mutum zai buɗe kati ya ga foldoji barkatai, ya kutsa har ya sami masu kama da bidiyo, ya kwashe su kaɗai ya bar sauran yana ganin tarkace ne. Alhali katin babbar kyamara gida guda ne. A kyamarorin Sony na zamani hotunan suna cikin PRIVATE, sai M4ROOT, sai CLIP, kuma kowane hoto yana da ɗan fayil ɗin bayanai a gefensa. A masu tsarin AVCHD, irin waɗanda har yanzu ake yawo da su a wuraren biki, doguwar ɗauka a gutsuttsure take zuwa, domin tsohon tsarin kati na FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya haura gigabait 4. Waɗancan ƙananan fayilolin da aka raina su ne ke gaya wa manhaja yadda za ta ɗinke gutsattsarin. In babu su, a daidai mahaɗar sai ka ji sauti ya ɗan yi tsalle, kuma abin haushi a tsakiyar magana mai muhimmanci yake faɗowa. Katunan P2 na Panasonic ma sun fi tsanani, don hoto yana folda ɗaya, sauti yana wata. Saboda haka mu dai ƙa'idarmu ita ce a kwafe kati gaba ɗayansa, ba a taɓa sunan komai a ciki ba, a zuba shi a folda mai kwanan wata da lambar kati. Lambar tana da amfani, domin kyamara na iya sake fara ƙirga daga C0001 bayan an goge kati, ka wayi gari da fayil biyu masu suna ɗaya, manhaja ta ɗauko maka bikin wani a madadin hirarka.

Shi kansa kwafin yana son haƙuri. Kyamarar da ke ɗauka a megabit 100 cikin daƙiƙa tana cin kusan gigabait 45 a awa ɗaya. Idan abin karanta katin na USB 2.0 ne, cikakken kati mai gigabait 64 zai ci fiye da rabin awa. A cikin wannan rabin awar ana iya ɗauke wuta, waya na iya motsi, kuma fayil ya isa da sunansa daidai amma cikinsa da rauni. Akwai manhajoji irin su TeraCopy da ke gwada kwafi da asali bayan an gama, Resolve ma tana da irin wannan a cikinta. Yana ninka lokaci, shi ya sa ɗalibai ke tsallake shi, mu kuwa ba ma yarda a goge kati sai an yi.

Sauran ƙananan ciwon kai ba su da wuyar magani in an gane su. Idan manhaja ta wayi gari ta ce duk hotuna sun ɓace, sau da yawa Windows ce ta sauya wa faifan ajiya harafi, jiya E yau F, sai a nuna mata sabon wurin. Idan faifan ya ƙi karɓar komai a kwamfutar Apple, tsarin NTFS ne da shi, wanda Mac ke karantawa amma ba ta rubutu a kai. Rukunin da ke da kwamfutoci iri biyu gara su tsara faifansu a exFAT tun yana fanko. Idan kuma an haɗa da hoton waya a matsayin kyamara ta biyu, aka ga baki da murya suna rabuwa a hankali, wayar ce ke sauya yawan firam ɗinta tana cikin ɗauka. HandBrake na iya tsayar da shi a 25 cikin daƙiƙa, wanda shi ne ya dace da wutarmu mai zagaye 50 a nan Nijeriya.

Roƙonmu ga sassan da ke koyar da wannan fanni shi ne a ware ko da mako ɗaya ne domin wannan gaɓa, a kawo kati da laftof cikin aji a yi a gaban kowa. Kafin a yi hakan, rukunin da zai hayi kyamara a wannan zangon ya je wurin mai ita kwana ɗaya kafin ranar aiki, da laftof ɗin da za a yi tacewar a kanta. A ɗauki minti ɗaya ko na bangon shagon ne, a kwafe, a jefa a manhaja. In ya ƙi buɗewa, a roƙe shi ya sauke saitin zuwa H.264 mai bit 8 tun kuɗin haya bai fara ƙirga ba.