Zare, Dalma da Agogo: Kwanaki a Ɗakin Gwaje-gwaje

Litinin

Yau na zauna da littattafan aikin gwaji na 'yan aji shida. Aikin lilo ne: a ɗaure dalma a zare, a kaɗa ta, a auna lokacin da take ɗauka ta je ta dawo sau ashirin, daga nan a fitar da ƙarfin jan ƙasa. Mafi yawan rukunonin sun rubuta 9.8 cif, jadawalinsu fes, ba gogewa ba kashewa. Wani rukuni ma ya rubuta sakan 40.14 har sau uku a jere, alhali agogon da muka ba su ba ya nuna abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na sakan. Ina suka samo wannan 4 ɗin na ƙarshe? A littafi suka ga amsa, suka yi lissafi da baya-baya har suka ƙera lambobin da za su haife ta.

Abin ya tsaya min a rai. Yaran nan ba maƙaryata ba ne. Tun daga firamare sun saba cewa maki yana wurin amsar da ke bayan littafi, don haka suka ɗauka abin da idonsu ya gani ba shi da daraja in bai yi daidai da bugun inji ba.

Rukuni biyu ne kawai suka kawo abin da suka auna. Ɗaya ya samu 10.8, ɗayan 9.5. Yarinyar da ke riƙe da littafin masu 10.8 sai da na nema sau biyu kafin ta miƙo, kanta a sunkuye. Na ce mata, "Naki ne zan fara dubawa gobe, domin shi ne aka yi aiki a cikinsa."

Talata

Na sa masu 10.8 suka sake a gabana, da zare mai tsawon mita ɗaya. Suka samu 38.1, 38.3 da 38.2. Awo uku sun jitu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce abin da hannun mutum ke jawowa ba. Wani yaro ya ce, "Malam, ai ka gani da idonka, sau uku abu ɗaya muke samu. Ke nan daidai ne."

Nan ne inda nake son su zo. Na tambaye su labarin mudun da aka lotsa wa gindi. Ko sau ɗari ka auna gero da shi, abu ɗaya zai ba ka, kuma sau ɗarin nan an tauye ka. Jituwar awo da junansa tana nuna hannunka ya zauna. Ko kayan awon da hanyar awon sun dace da gaskiya, wannan tambaya ce ta daban, kuma maimaitawa ba ta amsa ta.

Na ce su sake, amma mai ƙirga ya ɗaga murya. Yana sakin dalmar ya ce "ɗaya". Shi ke nan, ɓarawon ya fito. Lokacin da aka saki dalma ba ta je ko'ina ba tukuna, "sifiri" ya kamata a ce. Sha tara suke aunawa suna rubuta ashirin. Kuskuren kashi biyar cikin ɗari ne a lokaci, amma da yake ana ninka lokacin da kansa a lissafi, sai ya tashi fiye da kashi goma a amsa. Da suka gyara ƙirga suka samu 40.2, wanda ya ba da 9.77. Yarinyar jiya ce ta fara gano inda matsalar take, tun kafin in buɗe baki. Na hana su yage tsohon shafin. Na ce su rubuta a ƙasansa abin da ya faru da yadda aka gano shi.

Laraba

Masu 9.5 nasu ya fi ɓuya. Zaren rabin mita suka yi aiki da shi, kuma sun auna daga maɗauri zuwa ƙugiyar dalma, suka tsaya nan. Tsawon lilo kuwa har tsakiyar dalmar yake kaiwa, kuma tsakanin ƙugiya da tsakiya akwai santimita ɗaya da rabi. A zaren santimita 50 wannan kashi uku ne cikin ɗari, shi ne kuma ainihin abin da amsarsu ta gaza da shi.

Ban gaya musu ba. Na sa su yi da tsawo biyar daban-daban, da irin awon nasu, su zana giraf na lokaci ninki kansa a kan tsawon zare. Layin ya fito miƙaƙƙe amma ya ƙi bi ta sifiri, ya yanki layin tsawo a baya da kimanin santimita ɗaya da rabi. Gangaren layin kuma ya ba su amsa mai kyau, kusan 9.8. Suka yi cirko-cirko. Abin da ya sa WAEC ke son giraf ke nan: kuskuren da ke bin kowane awo da adadi ɗaya ba ya taɓa gangaren layi, sai dai ya ture layin gefe, ya kuma tona wa kansa asiri. Ɗalibai da yawa suna tanƙwara layi da ƙarfi ya bi ta sifiri, suna jin gyara suke yi, alhali shaidar da ta fi kowace amfani suke binnewa.

Baba mai kula da ɗakin ya nuna mana wasu ruloli biyu da bakinsu ya cinye saboda tsufa. Ya ce shi tun da can daga lamba goma yake fara awo da su ya cire goman daga baya. Na sa yaran suka rubuta wannan.

Da ya rage minti goma na ba su labarin madubin Hubble, na'urar hangen taurari da Amurka ta harba a 1990. Faɗin madubin mita 2.4 ne, an goge shi da ƙwarewar da ba a cika samun irinta ba, amma a kan siffar da ba ita ba ce. Gefensa ya kauce da kimanin maikuromita biyu, wajen kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi, domin na'urar da ake duba shi da ita an saka mata wani gilashi da ya kauce wa mazauninsa da milimita 1.3. Wasu na'urori biyu sun nuna akwai matsala, aka yi watsi da su saboda an fi yarda da babbar. Sai a Disambar 1993 'yan sama-jannati suka je suka gyara.

Alhamis

Hunturu ya taso da ƙarfi, iska na shigowa ta tagogin da gilashinsu ya fashe, dalma sai zagaye take yi maimakon ta je ta dawo. Muka toshe da kwali. Na tuna musu kada su ja ta fiye da digiri goma, domin lissafin da muke amfani da shi na ƙaramin kaɗawa ne.

Wani ya ce da za a bar shi ya zo da wayar yayansa, agogonta ya fi namu, har lamba biyu yake nunawa bayan ɗigo. Na ce masa yatsan da ke danna waya shi ne ke danna agogo, kuma yakan makara da kimanin kashi biyu cikin goma na sakan. A kaɗawa ɗaya ta sakan biyu wannan kashi goma ne cikin ɗari. A kaɗawa ashirin ya koma rabin kashi ɗaya. Yawan kaɗawar ne maganin, lambobin waya ba su rage komai ba.

Juma'a

Kafin a tashi masallaci wata ɗaliba ta tambaya, "Malam, to wanne ne gaskiya, 9.8 na littafi ko 9.77 namu?"

Tambayar ta faranta min rai. Ƙarfin jan ƙasa ba ɗaya ba ne a ko'ina. A kan layin tsakiyar duniya wajen 9.78 ne, a Faris 9.81, a ƙuryar arewa da ta kudu 9.83. A 1672 wani Bafaranshe, Jean Richer, ya tafi da agogon lilo daga Faris zuwa Kayen a Kudancin Amurka, ya tarar agogon yana makara da kimanin minti biyu da rabi kowace rana, sai da ya rage tsawon lilon. Bai ɓoye abin ba, bai ce zafi ne ya lalata agogo ya wuce ba, ya rubuta. Daga baya Newton ya kafa hujja da wannan awon cewa duniya ta ɗan kumbura a tsakiyarta. Mu nan Kano muna wajen digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, don haka namu yana kusa da 9.78.

Sai aji ya ɗauki murna, wai sun fi littafi. Dole na tsayar da su. Da rular katako da agogon hannu, rashin tabbacinmu ya kai kashi ɗaya cikin ɗari, wato amsarmu tana iya faɗawa ko'ina tsakanin 9.7 da 9.9. Kayanmu ba za su iya raba 9.78 da 9.81 ba. Abin da za mu iya faɗa da gaskiya shi ne 9.8, da ƙari ko ragin 0.1. Wanda ya kwafe lambobi takwas daga kalkuleta ya yi iƙirarin sanin abin da bai auna ba.

Asabar

A gida na sake karanta labarin Robert Millikan, wanda ya auna cajin ilektoron da ɗigon mai a Jami'ar Shikago, ya buga sakamakonsa a 1913. Lambarsa ta ɗan gaza, domin adadin kaurin iskar da ya yi lissafi da shi bai cika daidai ba. Richard Feynman ya ja hankali a wani jawabi a 1974 cewa waɗanda suka biyo baya ba su yi tsalle zuwa lambar gaskiya ba, a hankali suka riƙa hawa. Wanda ya samu abin da ya yi nisa da na Millikan sai ya zargi kansa ya yi ta neman kuskure, wanda ya samu na kusa kuma ba ya tsananta bincike. Manyan masana ke nan da kayan aiki na gani na faɗa. Ina ga ɗan shekara sha bakwai da ke tsoron jan biro?

Litinin

Malamin kemistiri ya roƙe ni in taya shi, aji ya yi masa yawa. Asid a buret, ruwan sodiyom kabonet santimita kubik 25 a kwalba, ɗigo biyu na metil orenj. Na tsaya kusa da wata yarinya da ke yi a karon farko. Hannun hagu a kan famfon buret, na dama yana juya kwalba, farar takarda a ƙasa. Ruwan rawaya ne, duk inda asid ya faɗa sai ja ya bayyana ya ɓace. Da ta kusa, jan ya fara jinkirin ɓacewa, ta koma ɗigo ɗai-ɗai, numfashinta ma ta riƙe. Ɗigo guda ya juya kwalbar gaba ɗaya zuwa ruwan goro. Ta durƙusa har idonta ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan kafin ta karanta. Ɗigon nan ɗaya wajen santimita kubik 0.05 ne, shi ya sa ake rubuta lamba biyu bayan ɗigo.

Sauran kuwa na ga abubuwa. Masu hura ɗigon ƙarshe na fifet, wanda an riga an cire shi a lissafin kayan. Masu barin mazurari a bakin buret yana ɗiga. Masu karatu a tsaye daga sama. Abin da ya fi damuna shi ne masu leƙen teburin malam. Sun ji cewa ana gwada sakamakon ɗalibi da na malamin da ya kula da jarrabawa, sai hankalinsu ya bar kwalba ya koma neman lambarsa.

Talata

Rukuni ɗaya ya samu 22.40, 22.50 da 23.60. Suna shirin goge na ukun na iso. Na ce kada a goge, a nemo dalili. Suka duba, ɗaya ya tuna cewa bayan sun sake cika buret akwai kumfar iska a bakinsa, wadda ta fita a tsakiyar aiki. Yanzu akwai hujjar ajiye shi gefe. Suka ja masa layi ɗaya yadda za a iya karantawa, suka rubuta dalili, suka yi na huɗu ya ba da 22.45. Ƙa'idar da muke koya musu ita ce a haɗa waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 ba. Amma da ba su gano kumfar ba, abin da ya wajaba shi ne su ƙara awo, su bar baƙuwar lambar a shafi kowa ya gani.

Laraba

Mun tafasa ruwa, ma'aunin zafi ya tsaya ƙasa da 99. Wasu har sun ɗora biro za su rubuta 100, monita ya ce, "Ku tsaya, mu fara gwada ma'aunin." Baba ya sayo ƙanƙara a bakin titi, muka farfasa, ma'aunin ya nuna sifiri. Lafiyarsa lau. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a daidai bakin teku, kuma yana raguwa da kimanin digiri ɗaya a kowace mita 300 ta tudu. A Jos, mai tsayin fiye da mita 1,200, wajen 96 yake tafasa. Ba ni na ce a gwada ma'aunin ba, kuma wannan ya fi min duk makin da za su ci.

Alhamis

Na je wurin shugaban makaranta. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan shekararsu ta ƙarshe ce, kuma wasunsu bana suka fara taɓa buret." Ya yarda a ba 'yan aji huɗu darasi biyu a jere kowane mako a ɗakin gwaji daga zango mai zuwa.

'Yan'uwana malaman kimiyya, lilo ba ya buƙatar wutar lantarki ko kuɗi mai yawa, zare ne da dalma da rula da agogo. Ku shigar da yara ɗakin gwaji tun shekararsu ta farko a babbar sakandare. Ku sa su rubuta awo da biro a daidai lokacin da suka karanta shi, kuma ku ware mafi yawan maki ga jadawalin da aka auna da bayanin inda kuskure ya fito.